Barcin Ranar Wasa

Kettle Bend, Oktoba

Marlys, tsohuwata,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka bari da tukwane bai san inda murafensu suke ba. Yaya jikin 'yarmu Darlene bayan aikin da aka yi mata? Yaya jikokin, yaya ruwan saman Victoria? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai ke ba ni labarin sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Kin ce in riƙa kiran waya, amma kin san kunnena. Takarda ba ta sa ni cewa "me kika ce?"

An kawo mana yaron bana. Na gaya wa matar da ke raba 'yan wasa gidaje cewa uwar gida ba ta nan, ta ce gidanmu, gidan Thiessen, bai taɓa zama babu ɗan wasan hokin ƙanƙara ba tun da aka kafa ƙungiyar Ɓauna, ba kuma a kanta za a fara ba. Sunansa Rylan Desjarlais, daga arewacin Manitoba, shekararsa sha bakwai, ɗan gaba ne. A watan Yuni manyan ƙungiyoyi za su zaɓe shi ko su tsallake shi, ya kuma san haka har cikin barcinsa. Uwarsa Noreen ce ta kawo shi da kanta. Ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce shi ke nan gare ta, ta ba ni amana.

Ci kuwa, Allah ya ba shi. Vereniki ɗin nan, curin ƙullu mai cuku a ciki, da kika cika firiza da shi ya kusa zama tarihi. Tsoho yake ce mini. Jiya na soya masa sosej, ya juya shi da cokali ya ce, "Tsoho, wannan nama ne ko faifan robar da muke bugawa a matsayin ƙwallo?" Na ce ya ci, duk biyun haƙora suke cirewa.

Ina riƙe da dokarmu: abinci da gado namu, ƙanƙara ta koci, abin da yaro ya yi a gida ba ya isa filin wasa ta bakinmu. Ranar wasa yakan ci taliya da tsakar rana, ya ja labule ya yi barcinsa kamar duk waɗanda suka gabace shi, ni kuma in yi ta sanɗa cikin safa kamar ɓarawo a gidana.

Ki gaida kowa. Naki,
Wendell

Kettle Bend, Janairu

Marlys,

Da fatan kin tashi lafiya, Darlene kuma ta fara taka ƙafa. Na ji za ki kai bazara a can. Ban yi ƙorafi ba, na dai faɗa wa kare.

Ba labarin daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Bayan Kirsimeti, wani ƙaton mai tsaron baya ya haɗa Rylan da katangar fili, kansa ya bugi gilashin da ke samanta har na ji ƙarar daga kujerarmu, ni da ba na jin ƙararrawar coci. Ya miƙe, jama'a suka yi ta tafi, mai jinyar ƙungiya ya yi masa 'yan tambayoyi ya amsa daidai, ya koma wasa. Ni ma na yi tafi.

Tun daga nan barcin ya ƙaru. Da farko ban kawo komai ba, ai duk yaran da muka riƙe haka suke, ɗaki duhu, gida shiru, kar a taɓa su. Har ƙara lallaɓawa nake yi. Sai ranar nan na ƙwanƙwasa masa da la'asar ya ce, "Tsoho, bar ni, barcin wasa ne." Na ce, "Yau Talata, da wa kuke wasa, da filo?" Bai yi dariya ba. Shi da ke kallon wasannin wasu a waya har yana manta cokali a baki, yanzu wayar a kife take. Ƙwan fitilar firji ya daina kamawa, na je canzawa na tarar ba mutuwa ya yi ba, kwance shi aka yi.

Ƙungiya tana kokawar gurbin ƙarshe na shiga zagayen neman kofi, kuma rabin ƙwallayen da ake ci daga sandarsa suke fitowa. Masu neman 'yan wasa sun fara zuwa da baƙaƙen rigunansu, suna zama can sama ba sa tafa wa kowa. Da kina nan da kallo ɗaya kin gane. Ni ina ta gaya wa kaina gajiyar doguwar tafiya a bas ce.

Ki sa mu a addu'a.
Wendell

Kettle Bend, ƙarshen Fabrairu

Marlys,

Gaisuwa a gare ki da mutanen gidan. Amsarki ta iso, layi biyu, cewa in sa likita ya duba yaron, na kuma gane. Sai dai ban motsa da wuri ba.

Ranar Asabar yaron ya ci wata ƙwallo da garin nan zai daɗe yana maganarta. Da ita muka ci wasan, mutane suka tsaya a kan ƙafafunsu suna kiran sunansa. Washegari na dawo daga coci na same shi bayan gareji, durƙushe cikin dusar ƙanƙara yana amai, ya rufe idanu da hannu saboda hasken rana. Ya ce sosej ɗina ne. Na ce rabona da soya shi tun makon jiya. Sai ya kama hannun rigata ya ce, "Tsoho, don Allah. Wata ɗaya ya rage a gama kakar wasa. In ka faɗa, sun tsallake ni, in koma gida in yi me? Kai mai masauki ne, ba likita ba." Na ce gaskiya ne. Na kai shi ciki, na ja masa labulen da hannuna.

Da safiyar Litinin na je wurin likitar ƙungiya. Ta saurare ni, ta kira shi, ta duba shi yadda ya kamata, ta ce ƙwaƙwalwarsa ta bugu, kuma ya yi ta wasa a kan bugun. Ta hana shi taka ƙanƙara har ƙarshen kakar wasa.

Koci Pasloski ya tare ni wajen ajiye motoci. Bai zage ni ba. Ya ce da ya sani da shi ma ya zaunar da shi, na kuma yarda da shi. Sannan ya ce, "Amma Wendell, wane yaro ne zai sake yin tari a gidanka?" Wannan ce ta shige ni.

Rylan ya nemi a canza masa gida. Yana wurin su Klassen yanzu. Abokin wasansa ya turo ya kwashe kayansa.

Naki,
Wendell

Kettle Bend, ƙarshen Maris

Tsohuwata,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya, ta kuma riga ki barin can, don na ji kin fara haɗa jaka.

Ba mu shiga zagayen kofi ba. Kaɗan ya rage, irin kaɗan ɗin da kowa ke iya lissafa wa wani. A shagon shan gahawa ba wanda ya ce mini komai, sai dai Abe Klassen ya tambaye ni ko yanzu ina duba masu ciwon baya. Na ce ya kwanta a tebur in gani. An yi dariya, amma ba a matsa mini kujera ba. Matar raba gidaje kuma ba ta kira ba tukuna game da baɗi.

Jiya da hantsi Noreen ta zo ɗaukarsa, ta biyo ta nan. Ta shigo, ta ƙi zama, ta ce ba ta san ko gode mini za ta yi ko ta mare ni ba, don a hanya ta shirya duka biyun. Na ce kumatun suna nan. Sai ta rungume ni, ta yi kuka a kafaɗata har ta jiƙa mini riga.

Shi bai fito daga motar ba. Yana zaune da baƙin tabarau, ya rame. Na je na tsaya ta gefensa kamar mai jiran bas. Can ya sauke gilashi ya ce, "Har yanzu ban yafe maka ba." Na ce ba gaggawa nake ba. Ya ce, "Da ka yi shiru, da za su zaɓe ni?" Na ce ban sani ba. Sannan ya ce, a hankali don kar uwarsa ta ji, "Ƙwallon nan ta ranar Asabar. Kowa yana yi mini maganarta, ina gyaɗa kai. Na kalla a waya, kamar wani nake kallo. Ba na tuna komai na ranar, Tsoho. Kai kana wurin. Yaya aka yi?"

Marlys, na dafa ƙofar motar. Na faro masa tun daga inda ya karɓi faifan a bayan ragarmu, yadda ya bi ta gefen hagu, yadda ya bar ƙaton nan zaune a kan ƙanƙara yana neman sandarsa. Ban yi sauri ba, ban kuma ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Noreen ta tada mota ta sake kashewa. Da na kai inda faifan ya shiga raga, sai ya ce in sake daga farko.

Na sake.

Ki dawo lafiya. Mijinki,
Wendell