Boris ɗin da Babu Mai Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Riskuwa ɗan Hodi, bakanike, haifaffen Gulma, mazaunin Badariya a Birnin Kebbi. Idona ya dushe, amma hankalina yana nan daram, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya tilasta mini. 'Yata Hanifa ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta sassauta ko kalma ɗaya. Wasiyya ce zuwa gare ku, Abbas da Sunusi, 'ya'yana maza biyu da ba sa gaisawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama da kayan gareji gado ne, Allah Ya riga Ya raba, ba ni da ta cewa. A kira malamai su ba kowa rabonsa. Mahaifiyarku Maryamu ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta, kada wanda ya zo mata da zancen sayar da gida. Ta sha wahalarku fiye da yadda na sha, don ita ce ke dafa tuwon Sallah tukunya biyu, ta ba ɗaya da rana, ta jira ɗaya da yamma, don kada ku haɗu a zaure.

Na biyu. Tsohuwar motata, Fijo a-kori-kura da ke kwance a bayan gareji, na cire ta daga gado. Ba ta kai sulusin abin da na bari ba, saboda haka ina da ikon yin wasiyya da ita. Na bar ta sadaka ga mutanen Gulma, a hannun Liman Munzali, ta riƙa kai marasa lafiya asibiti, ta riƙa ɗaukar gawa. Amma ba za a miƙa ta a mace ba. Sai kun gyara abin da kuka ɓata.

Ku da kuka taso kuka tarar da ita kuna ganin tsohon ƙarfe ne kawai. Ni da yayana Kalilu muka saye ta tun ba a haifi ɗayanku ba, daga baya na biya shi rabonsa. Shi yana noma, ni ina tuƙi ina gyara. Albasa da shinkafar da ta kwaso daga fadama zuwa kasuwa su suka ciyar da ku, su suka yi muku aure. Ni da shi mun yi faɗa a kanta ba adadi, har ya taɓa jifana da sifana, amma rana ba ta taɓa faɗuwa muna gaba ba.

Da na koya muku sana'a, na ba Abbas inji, na ba Sunusi giya da kuloci, don kowannenku ya zama yana bukatar ɗan'uwansa. Ku kuma sai kuka mai da abin iyakar gona. Asalin rigimar ma abin kunya ne a faɗa: sarƙar ɗaga inji ce Sunusi ya tafi da ita Argungu lokacin da ya buɗe nasa garejin, Abbas ya ce sata ce. A kan sarƙa kuka yanke zumunci. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Da injin motar ya gaji, ina kwance da ciwo, na roƙe ku ku sa mata wani. Abbas ya samo inji ɗan Kwatano, lafiyayye, ba zan hana shi yabonsa ba. Ya ɗora shi ya tafi. Sai da Sunusi ya tabbatar wansa ba ya nan, sannan ya zo daga Argungu da ma'aikatansa ya haɗa giyabos. Injin kuwa daga mota mai canza giya da kanta aka ciro shi, irin wannan kuma ba ya zuwa da ƙaramin boris ɗin nan, zoben ƙarfe da ke zama a ramin gindin karanshaf a bayan inji, wanda bakin sandar giya mai fitowa daga giyabos ke shiga ya kwanta a ciki. Ramin fanko ne. Abbas ya gani, ya ce sandar giya ke hawa kansa, don haka aikin mai giya ne. Sunusi ya gani, ya ce a jikin inji yake zama, don haka aikin mai inji ne. Da rashin sani ne da na yafe tuntuni. Kowannenku ya leƙa ramin nan da idonsa, ya rufe, yana jiran ranar da za a ce laifin ɗan'uwansa ne.

Ranar farko da aka ɗauke ni a cikinta na ji ƙarar. Makaho nake zama, ba kurma ba. Sandar giya tana lilo babu abin da ya riƙe bakinta, giya tana kartar haƙora kafin ta shiga. Na gaya wa Abbas, ya ce in gaya wa Sunusi. Na gaya wa Sunusi, ya ce in gaya wa Abbas. Ni da na haife ku na koma ɗan aike a tsakaninku.

Sai ranar da aka bugo waya da safe aka ce Kalilu ya rasu a Gulma, za a yi jana'iza bayan azahar. Abbas ya ɗauke ni a motar. Mun wuce Argungu kaɗan faifan kuloci ya tarwatse, giya ta ƙi shiga ko ɗaya. Garejin Sunusi yana bayanmu, tafiyar ƙafa ma za ta kai, ma'aikatansa suna ciki. Na ce Abbas ya kira ƙaninsa. Ya tsaya yana kallon wayar kamar garwashi aka miƙa masa, ya kira wani abokinsa a Birnin Kebbi. Kai kuma Sunusi kana Gulma tun hantsi, ka ga ban iso ba, ka san da wa na taho, ba ka kira ba, ba ka ce wa liman a ɗan dakata ba. A bayan kabu-kabu na ƙarasa, tsoho mai ciwo, ina riƙe da rigar wanda ban sani ba. Na isa na tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta suna wanke laka a hannu. Ban ga fuskar yayana ba, ban tsaya a sahunsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Wannan baƙin cikin da shi nake kwana da shi nake tashi, kuma ba na jin zai bar ni kafin in bar duniya.

Na uku. Ga yadda za a yi aikin, ba don ba ku sani ba, sai don kada wani ya sake cewa ba a faɗa masa ba. Sunusi ya dawo da sarƙar garejin Badariya da kansa, ba aike ba. Ku sauke giyabos tare. Sunusi ya canza abin da lilon nan ya cinye a ciki, ya sa sabon faifai. Abbas ya goge ramin ya auna shi, Sunusi ya auna bakin sandarsa, don inji da giyar ba gida ɗaya suka fito ba. In ba a sami boris da ya dace da duka biyun ba, a kai wa mai sassaƙa ƙarfe ya fitar da na tagulla. A ɗora shi kan ƙanƙara ya ɗan tsuke kafin a sa. Gefen da yake rufe ya kalli giya. A buga shi a hankali ta gefen waje, a miƙe, kada guduma ta taɓa tsakiyarsa. Giris kaɗan, don in ya yi yawa zai tsallaka ya ɓata faifai. A daidaita faifan da tsohuwar sandar giya da ke rataye a bangon gareji.

Wajen mayarwa, ɗaya ya tallafi giyabos, ɗaya ya juya sanda har haƙora su hau, bakin ya sami ramin. In ta tsaya, kada a ja ta da kusoshi da ƙarfi, boris ɗin zai mutu tun bai fara aiki ba. A ja baya a sake gwadawa. Ba a yin wannan a shiru, dole mai riƙo ya ce wa mai juyi ɗaga, sauke, tsaya. Na hana kowane ma'aikaci sa hannu. In kun ga dama ku zagi juna a ƙarƙashin motar, na fi son haka da shirun nan naku.

Na huɗu. Hanifa, ke kika yi jinyata, Allah Ya ba ki masu yi miki. Makullin motar yana hannunki. Kada ki ba ɗayansu shi kaɗai, ko da ya yi kuka, ko da mahaifiyarku ta sa baki. Daga yau kuma ki daina kai saƙo tsakaninsu, ba baiwarsu ba ce ke.

Na biyar. In rai ya yi halinsa, a kai ni Gulma a binne ni kusa da Kalilu. Burina a kai ni a motar nan. In ba ku gyara ta ba, kada a jira ku, ba a ajiye gawa don taurin kan masu rai. A ɗauki haya, mutanen garinmu su gani da idonsu cewa Riskuwa ya bar kanikawa biyu, amma a motar wani aka kawo shi.

Ban tsine muku ba, ba kuma zan yi ba. Uba ba ya iyawa, ko da ya so. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su nuna muku abin da kuka nuna mini ba. Ku riƙe mahaifiyarku da 'yar'uwarku, ku riƙe iyalin Kalilu kamar naku, kada gidan nan ya watse a hannunku. Yafiyata ta abin da ya faru a hanyar Gulma kuwa tana nan na ajiye, ban ba da ita ba tukuna, kun san inda za ku same ta, kuma lokaci ba nawa ba ne.

Abu na ƙarshe. A bakin kabari mutum biyu ake bukata su karɓe ni, ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa, su sauke ni tare. Ina so ya zama ku ne. Amma in har ranar ta zo ba ku iya ce wa juna riƙe nan ba, na roƙi Liman Munzali ya ɗaga ku gefe, ya sa maƙwabta su yi. Kada ku sauke ni a karkace.