Kujerar da Inna Ta Ƙi Hawa

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan unguwar Koki sai godiya.

Kujerun kushin da ka aiko sun iso. Doguwar ta ƙi shiga ta zaure, sai ta katanga aka tsallako da ita. Mun ajiye ta jikin bangon yamma, ƙananan a gefe, muka bar gabas saboda salla. Falo ya yi kyau wallahi.

Inna ta shafa doguwar, ta sa maka albarka, sannan ta shimfiɗa tabarmarta ta jingina da ita. To wa zai hau kujera Inna tana ƙasa? Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula mun cika falon muna kallon talabijin, kowa a ƙasa, har ƙaninta Kawu Isa mai ciwon gwiwa.

Na ce, "Inna, ko sau ɗaya ki ɗana mana." Ta ce, "Ranar da mai kujerar ya zo gida, shi zai zaunar da ni."

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ka tausaya wa gwiwar Kawu, ka zo da Babbar Salla.

Ƙanwarka,
Hadiza