Hoton Bayan Yaya Euclides

Apartadó, 4 ga Mayu

Ƙanwata Nohemí,

Ina gaishe ki, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Raina a ɓace yake. Shekara ashirin da biyu ina saɓa nonon ayaba, rana ɗaya bayana ya riƙe, kika ɗan danna nan da can kika ce zai sake da kansa. Kin san manajan gonarmu ba ya ba da hutu da baki, sai ya zaro baƙin hoton ƙashi na asibiti daga ambulan ya ɗaga a rana. Bare kina sa a yi musu hoton, ni ne ban isa ba?

Yayanki,
Euclides

9 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. E, ina sa a yi wa bare, kuma kunya nake ji. Minti goma ake ba ni kan kowane majinyaci. Bayani yana cin ashirin, sa hannu kuwa yanzu-yanzu ne, kuma wanda na hana gobe ya kai ƙarata. Babu zazzaɓi, ƙafarka ba ta mutu ba, ba faɗuwa ka yi ba, don haka ba ka buƙatar hoto. Duk ɗan shekara hamsin da aka ɗauki hoton bayansa sai an ga ƙashi ya ɗan suɗe, ko yana ciwo ko ba ya yi. Amma ka kai ƙarata wurin Mama, kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Ga takardar neman hoton nan, na sa hannu.

Ƙanwarka,
Nohemí

2 ga Yuni

Nohemí,

Ina gaisuwa. Bayan ya warware, yadda kika faɗa, tun kafin hutun ya ƙare. Na koma aiki ranar Litinin. Manaja ya ce sun ajiye kwafin hoton, kamfani ba ya riƙe mai lalataccen baya. Na ɗaga nonon ayaba biyu a gabansa, ko kallo ban ishe shi ba. Lalatacce, ni! Ki rubuto musu cewa hoton nan ƙarya ne.

Euclides

6 ga Yuni

Yaya,

Na rubuta musu sau biyu cewa lafiyarka ƙalau. Sun amsa da layi ɗaya: in babu komai, me ya sa likita ta nemi hoto?

Ka gaida Mama.

Nohemí