Ƙarshen da Na Yi wa Barmo

Asabar, 14 ga Satumba, 2019

Na je na gani. Daga Kurudu har cikin gari, mota biyu, don kawai in kalli yadda aka yi wa littafin Kogin da Aka Sace kisan gilla a fim.

Barmo na littafi ɗan masu fito ne, baƙi, siriri, mai in'ina idan ya tsorata. Su kuwa sun kawo wani ƙato da aka shafe da mai, ƙirji kamar ƙofar shago, ko sandar tuƙa kwale-kwale bai iya riƙewa ba. In'inar ma sun cire. To in babu in'ina ina Barmo? Sarauniyar iskokin da ta ɗure kogin garinsu a cikin tulu, wadda littafi bai taɓa nuna fuskarta ba, sun manna mata gashin ido na kanti. Ga waƙa da rawa a tsakiyar fari, mutane na mutuwa da ƙishirwa ana karkaɗa kafaɗa.

Na yi ta tsaki har na kusa da ni ya ce, "Madam, in ba ki so ki fita mana." Ban fita ba.

In ƙanena Andrew ya ga wannan sai ya faɗo daga kujera don dariya. Shi ya sayi littattafan, duka ukun, ya rubuta sunansa a bangon kowanne.

Lahadi, 15 ga Satumba, 2019

Manniru, shugaban zaurenmu na masoya littafin a waya, ya sanar wai fim uku za su yi, kowane littafi da nasa. Wasu na murna, wasu na zagi. Ni kuwa na ukun nake tsoro.

Bari in rubuta dalilin sau ɗaya, tunda ba mai gani.

Ƙanena Andrew ya bar masana'antar da yake aiki a Idu ran 12 ga Maris na bara, ya bi motar kaya zuwa Lokoja. An ga motar a gefen hanya, shi ba a gan shi ba. Ba wanda ya kira mu, ba gawa, ba komai. Kafin nan, duk Lahadi bayan coci yakan je Ushafa ya karanta wa Mama littafin tana ginin tukwanenta, tunda ita ba ta yi boko ba. Sun gama biyu, suna tsakiyar na uku. Wata biyu da ɓatansa Mama ba ci ba magana. Rannan ta miƙo mini littafin ta ce, "Ƙarasa."

Na san ƙarshen, na karanta shi ya fi sau goma. Barmo ya shiga tulun ya fasa shi daga ciki. Kogi ya dawo, shi bai dawo ba. Uwarsa ta tsaya a bakin ruwa, hularsa kaɗai ruwa ya kawo mata. Layi biyar ne, shi ke nan.

Da na iso wurin na ɗaga ido, na ga Mama ta tsaya cak da hannu a cikin yumɓu tana jira. Sai bakina ya ci gaba shi kaɗai. Wai ruwa ya tafi da shi wata ƙasa mai nisa, masunta suka tsince shi, ya manta sunansa, bayan shekara uku ya tuna ya kamo hanyar gida. Har kwalliya na yi wa labarin, na sa uwarsa ta gane shi daga tafiyarsa.

Ranar ta ci tuwo malmala biyu. Ni kuma na sa littafin a jaka na taho da shi Kurudu, kada wani ya karanta mata.

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2019

Mama ta kalli fim ɗin a wayar Hasana, maƙwabciyarta da suke gashin tukwane tare. Ban san ma ya shigo waya ba.

Ita ba ruwanta da ƙirjin kowa, tulun ta sa wa ido. "Wannan roba ne. Wanda ya yi shi bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ka duba wuyan!" Ta kwashe rabin awa a kan wuyan tulu. Na yi dariya, na daɗe ban yi ba.

Da rana Kawu Bernard ya zo da maganar da yake ta kewayawa, wai ko a kira fasto a yi wa Andrew addu'ar bankwana, zuciya ta huta. Mama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Barmo ma shekara uku ya yi."

Kawu ya ce, "Wane Barmo? Ɗan gidan wa?"

Na tashi na shiga ɗaki kamar ana kirana.

Juma'a, 12 ga Maris, 2021

Shekara uku cif.

Na ɗauki izini daga makarantar da nake koyarwa na tafi Ushafa, don na san abin da zan tarar. Mama ta share ɗakin Andrew, ta wanke zanin gado, ta yi miyar da yake so. Ta ja kujera bakin ƙofa tun hantsi. Duk babur ɗin da ya tsaya a kan hanya sai ta miƙe.

Da rana ta yi sanyi ta ɗauke kujerar da kanta. Ta ce, "Wataƙila shekara na littafi ya fi namu tsawo."

Ni na ba ta wannan ranar. Ni na zaɓi uku, da bakina, ba tare da wani dalili ba. Da na ce goma fa? Da na yi shiru fa?

Asabar, 20 ga Nuwamba, 2021

Fim na biyu. Ya fi na farko muni. Sun cire Ƙasar Marasa Inuwa gaba ɗaya, babin da Andrew ya fi so, wanda yake karantawa da murya ƙasa-ƙasa har Mama ta ce ya bari tsigar jikinta na tashi. Sun haɗe tsofaffin nan biyu masu gadin rijiya sun mai da su mutum ɗaya, sun kuma ƙirƙiro wa Barmo budurwa mai jan baki a tsakiyar daji.

Na fito ina huci. A cikin mota kuma sai na ji wani sanyi a raina. Mutanen da suka iya wannan ɓarnar, ai ba za su bar jarumi ya mutu ba. Ba ga budurwa sun tanada ba? Biki za su yi masa.

Allah Ka sa su ci gaba da rashin kunya.

Litinin, 22 ga Nuwamba, 2021

Na rubuta a zaure cewa a ganina ya kamata a bar Barmo da rai a fim na uku. Manniru ya amsa: "Malama Christiana, ke? Ke da kika ce ko waƙafi aka taɓa an ci amana?" Aka yi ta turo fuskokin dariya.

Su ci dariyarsu. Na kashe wayar.

Laraba, 9 ga Agusta, 2023

Tallan na uku ya fito. A ƙarshensa akwai hula a kan ruwa.

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023

Ba su canza ko harafi ba.

Shekara huɗu ina zaginsu a kan ba sa bin littafi, yau da nake roƙon su kauce suka bi shi sau da ƙafa. An ce sabon darakta ne, mai son littafin. Allah Ya isa tsakanina da sonsa.

Ba waƙa, ba rawa. Budurwar ma tun farko suka sallame ta. Ƙaton nan ya rame, kuma a bakin tulun, da zai yi maganarsa ta ƙarshe, sai ya yi in'ina. Matar da ta fito a uwarsa ba ta yi kuka ba. Ta tsugunna ta ɗauki hular, ta matse ruwan, ta ninke ta, kamar wanki ta gama.

Aka kunna fitila kowa na share ido. Na zauna har mai shara ya zo kaina. Fim ne mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Na tsane su.

Lahadi, 8 ga Oktoba, 2023

Na kira Hasana na ce don Allah kada ta nuna wa Mama. Ta ce, "Kullum sai ta tambaye ni ko ya fito. In ni ban nuna ba wani za ya nuna. Mene ne a ciki?"

Na ce ba komai, ba shi da kyau ne kawai.

Asabar, 21 ga Oktoba, 2023

Mama ta gani. Ta kira ni da kanta, a fusace.

"Maƙaryata! Sun kashe yaron nan! Na gaya wa su Hasana ba haka ba ne a littafi, suna kallona kamar na haukace. Gobe ki zo da shi. Duk za su zo su ji da kunnensu."

Na ce to, Mama.

Lahadi, 22 ga Oktoba, 2023

Mata shida na tarar a ƙarƙashin mangwaro, bayan wurin gashin tukwane. Wasu da zanin coci, Hasana da mayafinta. Mama ta sa an shimfiɗa mini tabarma a tsakiya kamar mai wa'azi.

A mota na yi niyya zan faɗi gaskiya. Na rantse na yi. Amma na buɗe littafin, na ga ta gyara zama tana kallon matan ɗaya bayan ɗaya, irin kallon ku jira ku ji. Sai na sake ƙaryar. Ruwa ya tafi da shi ƙasa mai nisa.

Shekara biyar, na manta ƙaryata. Na ce makiyaya suka tsince shi, ta ce, "Masunta." Na ce masunta. Na ce uwarsa ta gane shi daga murya, ta ce, "Daga tafiya." Ta fi ni riƙe shi. Haka muka lallaɓa har Barmo ya iso gida. Matan suka ce kai, masu fim ba su da tsoron Allah. Hasana kaɗai ƙasa take kallo.

Da suka watse na fara naɗe tabarma. Mama na zaune inda take.

Ta ce, "Andrew in yana karatu, yana lasa yatsa ya juya takarda. Kullum ina masa faɗa."

Na ci gaba da naɗe tabarmar.

"Ke tun da kin fara ba ki juya ba. Takarda ɗaya ya ɗauki wannan magana duka?"

Na saki tabarmar. Ba wata dabara da ta zo mini.

"Karanta abin da yake wurin."

Na karanta. Layi biyar, ko minti ɗaya ban yi ba. Ta ce in sake, na sake.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Shekara biyar kin bar ni ina share ɗaki."

Na ce, "Mama, ba kya cin abinci ne a lokacin."

Ta ce, "Da na ci daga baya."

Ta tashi ta tafi duba wutar tukwanenta. Na tsaya har la'asar, ba ta sake yi mini magana ba.

Talata, 24 ga Oktoba, 2023

Na kira sau huɗu. Ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba, 2023

Hasana ta ce Mama tana aiki, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ta ce in ba ta lokaci. A zaure ana ta yabon fim, Manniru na neman ra'ayina. Na fita daga zauren.

Ina ta cewa don ita na yi. To in don ita ce kaɗai, me ya sa har yau ban bari kowa ya taɓa takalman Andrew da ke ƙarƙashin gadona ba?

Lahadi, 5 ga Nuwamba, 2023

Mama ta aika an kira Kawu Bernard. Sun je wurin fasto su biyu, an sa ranar addu'a, Asabar ta ƙarshen wata. Daga bakin Kawu na ji.

Na je duk da haka. Ta amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai a kai ba. Da zan tafi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke kin iya rubutu. Ki yi takardan da za a raba a coci. Abin da ya faru za ki sa."

Na ce to.

Litinin, 13 ga Nuwamba, 2023

Bayan an tashi daga makaranta na kai rubutun wurin mai buga takardu a Karu. Shafi ɗaya ne: inda aka haife shi, makarantar da ya yi, aikinsa a Idu, yana son karatu. Ban yi kwalliya ba. Hoton da ya ɗauka ranar bikin 'yar'uwarmu Vivian na ba shi, wanda yake dariya.

Mutumin yana ta danne-danne yana cin gyaɗa. Ya ce me za a sa kafin sunan, Mista ko Ɗan'uwa? Na ce ya sa marigayi. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ban ce na yarda ba. Takarda ce kawai, dole a cike ta.

Sai ya ce, "Madam, ba ki rubuta ranar rasuwa ba. Ko za ki kira gida ki tambaya?"

Ban kira kowa ba. Na faɗa masa rana da wata da shekara, a tsaye, ban ko yi tunani ba. Ashe tuntuni ina da ita.