Gona Ta Bakwai

Zuru, Afrilu

Zuwa ga Abdulrashid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Dinah ce, wadda kuka yi aji ɗaya a sakandare. Ƙanwarka Amatullah ce ta ba ni adireshinka da muka haɗu a kasuwa. Ta ce kana Zariya, kana cikin masu rubuta wata manhajar lissafi tare da masana na ƙasashen waje.

Ni malamar gona ce yanzu. Mutanenmu na wajen Sakaba da Kanya, waɗanda suka gudo saboda 'yan bindiga da waɗanda suka daure suka zauna, kowane ƙauye da irin dawarsa. Na tara iri goma sha uku. Ofis na so a gwada su bana, a yawaita waɗanda suka fi yi. Manoma goma sha uku sun yarda su ba da gefen gona, amma ba mai iya ɗaukar fiye da iri huɗu. Ƙasar kuma ba ɗaya ba ce, wani jigawa, wani gindin dutse. In dawa ta yi kyau, yaya zan san irin ne ko ƙasar? Na yi ta zane a takarda, kullum sai wasu iri biyu su haɗu sau uku, wasu ko sau ɗaya. In akwai dabara, ka taimaka kafin ruwa ya sauka.

Ka gaida gida.
Dinah

Zariya, Afrilu

Malama Dinah,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Yaya zan manta da wadda ta riƙa kayar da ni a jarrabawar kimiyya?

Wasiƙarki ta zo daidai kan abin da nake yi. Akwai wani tsari a lissafi na ɗigo da layi: ɗigo goma sha uku, layi goma sha uku, kowane layi na ɗauke da ɗigo huɗu, kuma duk ɗigo biyun da kika ɗauka, layi ɗaya tak ya haɗa su. Aikina a manhajar shi ne in koya wa kwamfuta ta gina irin wanga tsari, ta kuma bincika ko ya cika. Da kin ce iri sha biyar a gona sha biyar, huɗu-huɗu, da na ce miki babu. Sha uku kuwa ya faɗa daidai.

Ki ɗauki kowane iri ɗigo ne, kowace gona layi. Kowane iri zai shiga gona huɗu, kuma duk iri biyu za su yi maƙwabtaka sau ɗaya a ƙasa ɗaya. Ga jadawalin na haɗo miki, lambobi ne kawai, ke za ki sa sunaye. Roƙona ɗaya, kada a taɓa komai bayan an shuka. Shekara biyu ina wanga aiki, ban taɓa ganin ya fita daga allon kwamfuta ya taka ƙasa ba.

Allah ya ba da damina mai albarka.
Abdulrashid

Zuru, Agusta

Abdulrashid,

Gaisuwa. An shuka kamar yadda ka tsara. Amma gona ta bakwai ta fita, ba za a samu komai daga can ba. Me zan yi da sauran?

Dinah

Zariya, Agusta

Malama Dinah,

Sallama. Na ga saƙonki, kuma kada ki damu, abin yana da gyara mai kyau ƙwarai. Na saka wa manhajar tsarin ba tare da layi na bakwai ba, ta ƙi karɓa, don ya daina daidaita. Amma in kika cire iri huɗun da ke cikin waccan gonar gaba ɗaya daga gwajin, sai a bar iri tara a gona goma sha biyu, uku-uku, kuma komai ya koma daidai kamar ba a taɓa shi ba. Masana sun daɗe da sanin wannan, ni dai ban zaci zan ga ranar amfaninsa ba. Ki share su daga takardunki, ki daina auna su. Ina fata ba manomin ne ya yi wasa da aikin ba, don irin haka ke ɓata gwaji.

Na gaishe ki.
Abdulrashid

Zuru, Satumba

Abdulrashid,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai yanzu hannuna ya iya rubutu.

Gona ta bakwai ta Kawu Yari ce, wan mahaifiyata. Ƙauyensu na bayan Dirin Daji. Sau da yawa mun roƙe shi ya dawo Zuru, ya ce shi soja ne da ya yi ritaya, ba zai bar rumbunsa ga yaran daji ba. 'Yan bindiga sun same shi yana noma na biyu da hantsi. Sun ƙone rumbunan, sun kora shanu cikin gonar. Matarsa, Inna Saloma, ta tsira don ta je rafi. Tana wurinmu yanzu. Ba mu samu binne shi a ƙauyen ba, a nan Zuru muka sa shi.

Ba laifinka ba ne, lambobi na ba ka, kuma ni ce ban faɗa maka ba. Amma ka sani, cikin iri huɗun da ka ce in share akwai jar dawar gidansa. Shi da kansa ya roƙa a sa ta a gonarsa, ya kuma auna wa sauran manoma uku nasu rabon da hannunsa. Na zauna da biro zan ja layi a kanta, na kasa. Ba zan share ba. In gwajin ya lalace, ya lalace, zan gaya wa ofis haka.

Inna Saloma ba ta cika magana ba. Shekaranjiya ta tambaye ni ko gaskiya ne dawar tana wasu gonaki. Na ce tana uku. Ta ce in kai ta ɗaya. Muka hau babur zuwa hanyar Kanya. Ta tsaya a bakin kunya, ta kama kara ɗaya ta riƙe, ta daɗe. Da za mu tafi ta ce wa mai gonar ya rage mata kai biyu in ya yanka.

Ka huta lafiya.
Dinah

Zariya, Oktoba

'Yar'uwa Dinah,

Sallama, da ta'aziyya daga ni da iyalina. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare na baya. Ki isar wa Inna Saloma gaisuwata. Na karanta wasiƙarki, na koma na karanta tawa, kunya ta hana ni cin abinci ranar. Ki yafe mini maganar da na yi a kan manomin.

Kada ki share komai. Na yi makonni ina duba abin, kuma na gane ni ne na koya wa manhajar taurin kai. Na rubuta ta yadda ba ta san komai ba sai cikakken tsari ko lalatacce. Gaskiyar ita ce, kowane cikin iri huɗun yana nan a gona uku. Su huɗun ba za su ƙara haɗuwa da juna ba, amma kowannensu ya yi maƙwabtaka da sauran tara, kuma ta nan ana iya gwada su. Sakamakonsu ba zai kai na sauran ƙarfi ba, dole ki rubuta wa ofis haka, amma sakamako ne.

Na ƙara wa manhajar sashen da zai karɓi tsarin da ya rasa layi. Masu duba aikinmu sun yi ja-in-ja, wani ya ce wannan ba hurumin sashenmu ba ne. Na ba su labarin gonar, ban ambaci suna ba. Jiya suka amince. Sun ce in sa misali a cikin bayanin, kamar yadda aka saba. Ina neman izininku in sa gwajinku, in kira irin nan Jar Dawar Yari. In Inna ba ta so, na bari.

Ki turo mini awon in an yi girbi. Ki kuma riƙa kula da hanyoyin da kike bi.

Naki,
Abdulrashid

Zuru, Janairu

Abdulrashid,

Gaisuwa da godiya. Na ga sakamakon. Jar dawar ta zo ta shida, ofis kuma uku na farko zai yawaita. Na gaya wa Inna Saloma, ta ce ita ba don gasa take shuka ta ba. Coci ta ara mata fili a bayan gari, tana jiran ruwa.

Na karanta mata roƙonka. Ta ce dawar ba ta Kawu ba ce. A gonar babanta ya fara ganin dawar, shekarun da ya yi yana golmo, wato yana yi musu noma don a ba shi aurenta. Ranar da aka kai ta gidansa, uwarta ce ta ƙulla mata irin a bakin zane.

Ta ce, "Shi ya noma ta, amma ni na zo da ita. Ki ce masa ya rubuta Saloma. Yari ba zai yi musu ba."

Sai ka gyara.

Ka gaida iyali.
Dinah