Bargon Binne Apu Ginamay

Hungduan, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Immaya, malama a Solano,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Bayan haka, Ading, ƙanwata, ina gamong, bargon binne kakarmu Apu Ginamay? Jiya ciwon ƙirjinta ya tashi, ta ce a buɗe akwati ta ga bargon da za a naɗe gawarta da shi. Na buɗe, wayam. Matata ta ce ranar Lahadi ta gan ki kina cusa wani abu a jaka, ta ɗauka shinkafa ce. Shekara biyu kakarmu ta yi tana saƙa bargon nan, tun idonta na gani sosai. Na shara mata ƙarya na ce an shanya shi ne ya sha iska, kuma ƙaryar ba za ta kai mako ba. Ki ba Tasyo direban motar hayar nan, jifni, ya taho da shi ranar Asabar.

Ki huta lafiya. Yayanki, Gaspar

Solano, 9 ga Oktoba

Yayana, Manong Gaspar,

Gaisuwa da girmamawa, ka gaishe mini da Apu. Eh, ni na ɗauka, aro na yi. Kai kana can cikin shinkafarka, ba ka san wahalar da muke sha ba. A Yuli Watan Abinci Mai Gina Jiki, na yi ta ɗinka wa yara rigunan kabewa. A Agusta Watan Harshe. Oktoba kuwa abu uku aka jibga mana, Ranar Malamai, Ranar Majalisar Ɗinkin Duniya, da Watan 'Yan Asalin Ƙasa, kowanne da hotuna da rahoto. Yara tara a ajina ba su iya karatu ba, babu wanda ya taɓa tambayata. Shugabar makaranta ta nuna ni a gaban malamai ta ce tunda ni 'yar ƙabilar kan dutse ce, in kawo kayan mutanenmu na gaske, ba na kasuwa ba. Har yau ba a tabbatar da ni a aikin nan ba, Manong, da wane baki zan ce a'a? A bango kawai za a rataye shi. Ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Ƙanwarka mai biyayya, Immaya

Hungduan, 16 ga Oktoba

Immaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. A bango, ko? 'Yar maƙwabcinmu ta dawo daga gari da hoton bikinku a waya, ta ruga ta nuna wa Apu, a tunaninta abin alfahari ne. Ga wata yarinya nan an yafa mata gamong tana rawa, ke kuma kina gefe kina tafi. Ke da aka yi goyonki a gidan nan, kin san wa ake yafa wa wannan bargo. Apu ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko 'yar wace ce. Muka ce ba mu sani ba. Ta ce, "A nemo uwarta a ba ta haƙuri. An sa wa 'yarta kayan gawa tana raye." Ta ce ita kuma ba za ta shiga ƙasa da bargon da aka yi rawa da shi ba. Ta sa na ɗaura mata zare, tana saƙa wani, tana tari. Na hana, ta ƙi. Kunya ta ishe ni, Ading, kuma ke kika jawo.

Sai na ji daga gare ki. Gaspar

Solano, 20 ga Oktoba

Manong,

Ina gaishe ka, kaina a ƙasa. Shugaba ce ta sauke shi daga bango ta yafa wa yarinyar, ta ce zai fi kyau a hoto. Na san ko mene ne, ban hana ba, har na tafa. Ba ni da abin cewa a nan. Makarantarmu ce ta zo ta ɗaya a gasar bikin, sai aka wuce da bargon wurin baje kolin yanki a Tuguegarao. Da na nema, aka miƙo mini takarda in cike, wai sai an rufe baje kolin. Jiya na bar ajina na hau bas, na ɓalle shi daga allo a gaban manyan jami'ai. Wata mai kwalliya ta ce ina ɓata bikin girmama mutanena. Na faɗa mata abin da ba zan iya rubutawa ba. Wataƙila aikin ya tafi ke nan. Na je gidan yarinyar na ba uwarta haƙuri. Ka roƙi Apu ta ajiye saƙar nan, ina tafe ranar Asabar.

Ƙanwarka, Immaya

Hungduan, 23 ga Oktoba

Ading,

Gaisuwa. Apu ta rasu jiya da rana, da igiyar saƙa ɗaure a ƙugunta. Na karanta mata wasiƙarki, ta ce kin kyauta da kika je wurin uwar, amma ba ta sauya magana a kan bargon ba. Ki zo, kada ki shigo da bargon cikin gida. Mun naɗe ta da abin da ta samu ta saƙa. Iyakarsa gwiwa, ƙafafunta a waje suke.

Allah ya kawo ki lafiya. Gaspar