Tambayar da Ka Yi Mini a Abobo

Zuwa ga yayana Iliya, a duk inda wannan ta same shi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da duk wanda kake tare da shi. Ni ce ƙanwarka Rahila. Daga gida nake rubuto maka, ƙauyenmu na bayan Babankatami. Malam maigidana yana gaishe ka, yara ma suna gaida kawunsu.

Ka yi haƙuri da na shimfiɗa maganar gida a bainar jama'a. Lambarka ta daina shiga tun bara, kuma duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wata ƙasa daban. Da ina da yadda zan yi, dattijo zan tura maka, ya zaunar da kai a inuwa, ya fara da cewa jikin tsohuwa ya matsa, kamar yadda ake yi wa mutum. To, ba ni da wanda ya san ƙofarka. Yaya, Inna ta rasu. A cikin damanar nan ne, gero ya fara fitar da kai. Mun kwantar da ita kusa da Baba, a gindin tudu.

Akwai kuma tambayar da ka yi mini a unguwar Abobo ta Abijan, kana juya kifi cikin mai, ko dubana ba ka yi ba. Ka ce, "Ta tambaye ni?" A ranar ban sami abin da zan ba ka ba, kuma kai ka tafi da abin da ka tafi da shi a zuciyarka, cewa uwarka ta cire ka daga cikin 'ya'yanta. Yanzu ina da amsa, shi ya sa na ajiye kunya nake wannan rubutu.

Kai ne ɗan fari, ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi a wurinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Inna ba. In ta kwashe tuwo sai ta ce a miƙa wa wancan. In ka shigo tsakar gida sai ta tuno da wani aiki a ɗaki. Baba ya bar tsafin kakanni ya zama Kirista tun kafin a haife mu, an bar abubuwa da yawa na da, amma wannan kunyar ba wanda ya taɓa ta. A ɗakin Kaka ka girma, ita ce mai kiran sunanka har da kirari.

Ka tuna ranar da kunama ta harbe ka wajen ɗaurin dami? Kai ihu kake yi, ba ka ga komai ba. Ni na gani. Kaka ta rungume ka, mata sun taru, Inna kuwa tana bakin turmi ta ba ku baya. Hatsin ya riga ya zama gari, amma ba ta daina daka ba sai da ka yi shiru. Da ta ajiye taɓarya, tafin hannunta ya kumbura.

A majami'a ma haka. Kai ne mai ganga, in ka ɗora hannu har maƙwabtanmu Musulmi sai sun leƙo ta katanga. Kowa yana kallonka, ita tana kallon ƙasa. In aka zo addu'a a gida kuwa, takan jera mu ɗaya bayan ɗaya, kai sai ta ce, "da wanda Ka sani."

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ka hau mota a Madawa ka tafi cirani Abijan. Tun daga nan, duk direban da zai gangara sai ya riƙe maka ƙullin gabu, a ce Kaka ce ta aiko. Yaya, yi tunani mana. Kakar da hannunta ke rawa, wadda ko ludayi ba ta riƙewa da kyau, ita ce za ta je fadamar Galma ta roro ganyen albasa, ta daka, ta dunƙula, ta shanya? Inna ce. Takan ajiye shi a bakin ƙofar Kaka ta wuce.

Sai Kaka ta rasu. A ranin da ta rasu ne kuma 'yan cirani suka dawo da labarin ka daina zuwa sujada. Dattawan ikilisiya suka sa ka cikin addu'ar waɗanda suka ja da baya, labarin haka kuma ya iso maka. Gabu ya daina zuwa. Kai ka ɗauka hukunci ne. Alhali hanyar ce ta toshe, don ba sauran ƙofar da za ta ajiye ƙulli a bakinta.

Da ikilisiya ta ce za ta tura Malam Abijan ya nemo 'ya'yanmu na Madawa da Buza da Keita da suka tafi suka yi shiru, kwana na yi ina kumbure-kumbure. Ni da ban taɓa wuce Tawa ba, ina ni ina bakin teku? Ranar tafiya Inna ta fito da ƙulli biyu. Ta ce, "Guda naku na. Gudan ko, ba a rasa wanda ba shi da mai daka mishi." Ta juya ta shiga ɗaki.

Ban ji daɗin garin nan ba, gaskiya. Ruwa ba lokaci, wanki ba ya bushewa, Faransancinsu kuma gudu yake yi ya bar ɗan abin da na koya a lakkol, makarantar boko, a baya. Aikinmu kuwa aikin ƙafa ne. Mu bi masu shayi, mu bi masu albasa, mu bi masu gyaran takalmi, muna tambayar ɗan wane na gari kaza. Wani da ya hango jakar Malam ta Littafi Mai Tsarki sai ya faɗa bayan buhunan albasa, ya manta ƙafafunsa a waje. Malam ya durƙusa ya gaida ƙafafun, ya tambaye su gajiya, har mai su ya fito yana dariya.

A nan na gane yawancinsu ba faɗa suka yi da Allah ba. Lahadi ranar ciniki ce. Wani a ɗakin 'yan garinsu yake kwana, shi kaɗai ne Kirista, ba ya son ya zama daban a cikin mutanen da suka ba shi tabarma. Wani kuma kunya ce kawai, ya daɗe bai zo ba har ya rasa da wace fuska zai shigo. Wasu sun dawo. Wani kafinta ya ara mana rumfarsa, mukan taru a can mu yi waƙa da Hausarmu, a yi kuka a yi dariya. Amma ni duk wanda ya shigo sai na dubi bayansa ko kana biye.

Wani mai shayi ɗan Keita ne ya kai mu wurinka. Ga ka nan a bayan tebur kana sayar da acake, dambun rogon nan nasu, da soyayyen kifi, ka yi ƙiba, furfura ta fara leƙowa. Da ka gan mu ka ce, "To, ga jandarman Allah nan sun iso." Na yi dariya hawaye na zuba. Ka cika mana faranti, ka ɗaga yara sama. Malam ya kai hannu ga jakarsa, ka ce ya bari tukuna.

Sai na miƙa maka ƙullin. Ka sunsuna shi, ka daɗe riƙe da shi. A nan ne ka yi mini tambayar. Na ce ai ka san Inna, ba ta faɗin suna. Ka ce, "Na san ta. Dâ kunya ta hana ta, yanzu ko hushi take da ni." Ka tura ƙullin ƙarƙashin tebur ka ci gaba da suyarka.

Yaya, ka ba ni haushi ran nan, kuma har yau da saura. Kanka ya fi duwatsun Adar tauri. Na yi ta zaryar wurinka, wani lokaci da Malam, wani lokaci ni kaɗai da goyo. Shi yana maka maganar dawowa sujada, kana cewa sai an ga hali. Ni ina maka maganar Inna, kana cewa in bar ta ta huta.

In na kira gida, Inna takan tambayi Malam, ta tambayi yara, ta tambayi ruwa. Sai can ta ce, "Wai hayaƙin mai ba shi ɓata ido?" Wata rana kuma ta ce ta ji tsayuwa wuni guda tana kumbura ƙafa, in gaya wa mutanen can su riƙa zama. Wa ke suya a cikinmu? Wa ke wuni a tsaye? Na kwaso duka na kawo maka, ka ce wannan fassarata ce, aikinmu ne dama mu masu wa'azi.

Ita ma na yi mata. Na ce Inna, ga waya, ki faɗi sunan nan sau ɗaya in kai masa, ɗanki yana can yana cin kansa. Ta ce, "Ke, zaman waje ya cinye miki kunya?" Ta miƙa wayar ga wani. Na zauna a rumfar kafinta na yi kuka mai isata. 'Ya'yan mutane suna dawowa ta hannunmu, ni kuwa na kasa ɗaukar kalma ɗaya daga bakin uwata in kai kunnen yayana.

Wata Litinin na zo na tarar wata mata tana sayar da ayaba a inda teburinka yake. Wani ya ce San Pedro ka nufa, wani ya ce Gana, wani ya rantse ya ji kana zancen Gabon. Ko sallama, Yaya. Haka na kira Inna na gaya mata mai suyar nan ya tashi.

Farkon damana aka kira ni in zo, jikinta ya ƙi. Na tarar ta rame, amma hankalinta garau. An kai ta likita a Buza, aka ba da magani, aka ce mu koma gida mu kula da ita. Duk mai sallama a ƙofa sai ta ɗaga kai ta saurara, in ta gane muryar sai ta mayar da kan. Ba ta tambayi kowa komai ba.

Ranar ƙarshe da hantsi ta ce a fito da ita tsakar gida. Matan zumunta na ikilisiya sun zo, Tambara maƙwabciyarmu ma ta shigo da carbinta a hannu ta zauna wajen ƙafafunta. Ka san ita da Inna tun suna amare suke tare. Aka yi waƙa, sai Inna ta ce ita za ta yi addu'a. Muryar ƙasa-ƙasa, sai da muka matso.

Ta fara jera mu kamar kullum, daga auta tana hawa. Ta faɗi nawa, ta faɗi na jikoki. Ta iso wurinka, ni har na shirya jin abin da na saba ji. Sai ta tsaya. Leɓenta yana motsi, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba. Sai ta ce, "Iliya."

Tambara ta dafe baki. Wata tsohuwa ta ce wayyo. Ba wanda ya ce amin, kowa ya daskare. Ta sake faɗa, wannan karo da ƙarfi, ta juya fuskarta wajen ƙofa, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in abinci ya sauka. Sannan ta lalubo hannuna ta ce, "Ki hwaɗa mishi na kira shi. Da bakina, gaban mutane." Ba ta ce ka koma sujada ba, ba ta ce ka dawo gida ba. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Kafin la'asar ta cika.

To ga amsarka, Yaya. Ta tambaye ka. Wannan karon ba fassarata ba ce, tsakar gida cike take da shaidu, in ka ƙi yarda da matar mai wa'azi ka zo ka tambayi Tambara. Abin da ke cina shi ne ni na ji, ni da aka kira sunana har na gaji da amsawa, kai kuwa da ka yi shekaru kana jira kana can inda ban sani ba.

Bayan girbi za mu koma bakin aiki. Malam zai ci gaba da nemanka da jakarsa, wannan tsakaninku ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina marmarin in sake jin hannunka a kan ganga. Amma yau ba wannan ya kawo ni ba. Saƙo aka ba ni, ya yi mini nauyi, ina so in sauke shi a hannun mai shi. Na san cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa cin kifinka. Ina roƙonsa ya kai maka, ya zaunar da kai tukuna kafin ya karanta.

Ubangiji ya tsare ka a inda kake, ya ba ka lafiyar ido da ta ƙafa. Ya sa wannan ta iso gare ka kana da rai. Ya ba ka wanda zai riƙe ka sa'ad da ka ji, tun da ni ba na kusa. Ya ba Inna hutawa, ya sa ranar da za ku gamu ta dube ka ido cikin ido. In kuka ya zo maka kada ka riƙe shi, in ka gama kuma ka amsa mata, ko da a can ne, ko da ba mai ji. Amin.

Ƙanwarka da ta ji da kunnenta,
Rahila